Sharhi: Ina Matsayin Darasin Tattalin Arziki na Farko a Digirin Jami'a?

Yau za mu leƙa jami'a, mu tsaya a ƙofar aji ɗaya, inda sababbin ɗalibai ke cike takardar rajistar kwasa-kwasai. A cikin jerin darussan da ake miƙa musu akwai wani mai lamba ECO 101, sai ƙanensa ECO 102 da ke biyo baya a zango na biyu. Su ne darussan share fage na ilimin tattalin arziki. Dubban 'ya'yanmu na rubuta su duk shekara a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, da sauran jami'o'in ƙasar nan. Da yawa daga cikinsu ba sa sanin nauyin abin da suka sa wa hannu sai ranar da aka liƙa sakamako. Abin da muke so mu tabbatar a yau shi ne, wannan darasi ƙarami ne a lissafin yunit, amma inda aka dasa shi a cikin tsarin digiri ya sa wasa da shi kan jawo asarar shekara guda cur.

Kafin mu gane matsayinsa, sai mun san yadda ake haɗa digiri tun daga tushe. A Najeriya, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ita ke gindaya mafi ƙarancin abin da ɗalibi zai karanta kafin a ba shi shaidar kammalawa. A watan Disamba na shekarar 2022 hukumar ta fito da sabuwar manhaja da ake kira CCMAS, wadda ta maye gurbin tsohuwar da aka sani da BMAS. A sabon tsarin, hukumar ce ke tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta soki wannan rabo, tana ganin an shiga hurumin majalisun jami'o'i. Muhawarar tana da muhimmanci, amma ga ɗalibi abin da ya fi shafarsa shi ne lissafin da ke gabansa.

Lissafin kuwa ga shi. Kowane darasi yana da nauyi da ake aunawa da yunit. Yunit ɗaya na nufin lakcar awa ɗaya a kowane mako, tsawon makonni 15 na zangon karatu. Wanda ya shigo ta hanyar jarrabawar JAMB don digirin shekara huɗu, sai ya ci aƙalla yunit 120. Wanda ya shigo kai tsaye aji biyu da takardar IJMB ko NCE ko difloma, yana buƙatar aƙalla yunit 90. A kowane zango ba a yarda ɗalibi ya ɗauki ƙasa da yunit 15 ba, ba kuma a bari ya wuce 24. ECO 101 yawanci yunit biyu ne ko uku, gwargwadon jami'a. Wanda ya kalli biyu a cikin 120 zai ce ai wannan ba abin tayar da hankali ba ne. To a nan ne kuskuren yake farawa.

Darasin nan guda ɗaya yana da matsayi uku, kuma sashen da ɗalibi yake ne ke yanke wane matsayi ya hau kansa. Ga ɗalibin da ke neman digiri a tattalin arziki kansa, darasi ne na tilas, babu kammalawa sai da shi, kuma a kansa ake ɗora darussan aji biyu da na uku da na huɗu. Ga ɗalibin akanta, ko harkokin kasuwanci, ko banki da hada-hadar kuɗi, da ɗalibai da yawa na tsangayar kimiyyar zamantakewa, sashensu ne ke tura su sashen tattalin arziki su ɗauko shi, kuma a galibin wurare shi ma sai an ci shi kafin a fita. Sai rukuni na uku, waɗanda aka ba su zaɓi tsakaninsa da wasu darussa don su cike yunit ɗinsu, kamar yadda ake yi wa ɗaliban shari'a ko na tsangayar fasaha a wasu jami'o'in. Ɗalibai uku na iya zama a benci ɗaya, su saurari malami ɗaya, su rubuta jarrabawa ɗaya, amma idan dukkansu suka faɗi, hukuncin da zai hau kan kowannensu daban ne. Saboda haka tambayar farko da ya kamata sabon ɗalibi ya yi, tun kafin ya sa hannu a fom, ita ce: a sashena, wannan darasi na tilas ne ko na zaɓi? Amsar tana rubuce a littafin jagora na sashe, kuma malamin da ke kula da aji, wanda ɗalibai ke kira kodineta, an ajiye shi ne don irin wannan tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Masu saurare, bari mu ɗan buga lissafi tare, domin iyaye ma su gane abin da 'ya'yansu ke nufi idan sun ce ji-fi ɗinsu, wato matsakaicin darajar sakamakonsu, ya sauka. A mafi yawan jami'o'inmu, wanda ya samu maki 70 zuwa sama yana da A, mai daraja biyar. Daga 60 zuwa 69 B ce, daraja huɗu. Daga 50 zuwa 59 C ce, daraja uku. Haka ake sauka har zuwa F, wadda darajarta sifili ce. Ana ninka darajar da yawan yunit na darasin, a tara gaba ɗaya, a raba da jimillar yunit ɗin da aka ɗauka. Mu ɗauki misalin yarinyar da ta yi rajistar yunit 18 a zangonta na farko, biyu daga ciki na ECO 101 ne. A sauran yunit 16 ta samu B a rabi, C a rabi, wanda ya ba ta maki 56. Idan ta samu A a tattalin arziki, makinta ya zama 66, a raba da 18, ta tashi da 3.67. Wannan yana cikin sahun digiri mai daraja ta biyu ta sama, wadda ke farawa daga 3.50. Idan kuwa ta faɗi, makinta ya tsaya a 56, a raba da 18, ta tashi da 3.11, ta gangaro daraja ta biyu ta ƙasa. Darasi ɗaya mai yunit biyu ya sauya mata sahu. A jami'o'i da yawa kuma, ko ta sake rubutawa ta ci, sifilin farko yana nan cikin lissafinta har ranar da za ta fita.

Wannan shi ne ƙaramin ciwon. Babban yana cikin abin da ɗalibai ke kira kari-oba, wato darasin da aka faɗi da sai an sake shi. Darasin zangon farko, a zangon farko kawai ake koyar da shi, don haka wanda ya faɗi sai ya jira shekara ta zagayo. Lokacin yana aji biyu, ga darussan aji biyu na jiransa, ga kuma iyakar yunit 24 da ba a tsallakewa. Ƙa'ida ita ce a fara rajistar wanda aka faɗi kafin sababbi. Idan wuri ya cika, dole a ajiye wani darasin aji biyu a kai shi aji uku, na aji uku ya turo na aji huɗu. Wani lokaci jadawalin lakca ya ci karo, ɗalibi ya rasa wane aji zai shiga, ga kuma sharaɗin halartar kashi 75 cikin ɗari na lakcoci kafin a zauna jarrabawa. A sassan da ke tsaurara ƙa'ida, ba za a bar ɗalibin tattalin arziki ya yi rajistar darasin aji biyu da aka gina a kan ECO 101 ba sai ya ci na farkon. Haka abu ke turo abu har ɗalibi ya wayi gari abokan karatunsa sun tafi bautar ƙasa, shi yana ƙarin shekara. Ƙarin shekara kuwa ƙarin kuɗin rajista ne, da na ɗaki, da na abinci, a kan uban da ya riga ya sayar da amfanin gona ko uwar da ta shiga adashi. Kuma tsarin bai bar ƙofa a buɗe har abada ba: digirin shekara huɗu, iyakarsa shekara shida.

To me ake koyarwa a cikinsa da har aka ba shi wannan matsayi? Zangon farko yakan duƙufa ne kan mutum ɗaya, gida ɗaya, kamfani ɗaya, kasuwa ɗaya. Ana farawa da gaskiyar da kowane magidanci ya sani, cewa buƙatu sun fi abin hannu yawa, don haka dole a yi zaɓi, kuma kowane zaɓi yana tafe da abin da aka haƙura da shi. Manomin da ya shuka shinkafa a fadamarsa ya haƙura da albasar da zai iya shukawa a wurin, kuma wannan albasar da bai shuka ba tana cikin tsadar shinkafarsa ko da bai rubuta ta a littafi ba. Daga nan sai a shiga yadda yawan masu nema da yawan kayan da ke ƙasa ke haɗuwa su haifar da farashi. Duk wanda ya san kasuwar Dawanau ya ga yadda masara da gero ke sauka da kaka, su hau idan damina ta yi nisa rumbuna sun fara ƙarewa. Duk wanda ya bi hanyar Kura da Kadawa lokacin da tumatirin rani ya nuna ya ga kwanduna jibge a bakin titi ana neman mai saye ko da araha, saboda kayan gwari ba ya jira. Darasin yana ɗaukar wannan sani na kasuwa ya mayar da shi zane da lissafi, domin a iya auna shi, a kuma yi hasashen abin da zai biyo baya.

Zango na biyu yakan ɗaga kai ya kalli ƙasa baki ɗaya: jimillar abin da ƙasa ke samarwa a shekara, rashin aikin yi, hauhawar farashi, kuɗi da bankuna, aikin Babban Bankin ƙasa, haraji da kasafin kuɗi, da ciniki tsakanin ƙasashe. Wannan ɓangare ya samu gindin zama ne bayan durƙushewar tattalin arzikin duniya da ta fara a 1929, lokacin da masanin Ingila John Maynard Keynes ya fitar da littafinsa a 1936 yana bayanin yadda ƙasa za ta iya cika da majiya ƙarfi marasa aikin yi. Littafin koyarwa na Paul Samuelson na Amurka, wanda ya fara fita a 1948, ya taimaka ƙwarai wajen daidaita fasalin darasin share fage da jami'o'in duniya ke bi har yau. Kafin su duka akwai Adam Smith da littafinsa na 1776, kafin shi kuma akwai Ibn Khaldun, wanda tun a 1377 ya yi bayani a Muƙaddimarsa kan farashi da haraji da yadda aikin ɗan Adam ke zama tushen dukiya. Ilimin yana da dogon tarihi, kuma malamanmu na Musulunci suna da hannu a cikinsa.

Ɗan Najeriya na wannan zamani ba ya buƙatar a je nesa a samo masa misali. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 a garuruwan Arewa, kuɗin mota da na abinci suka bi bayanta. A farkon shekarar 2023 ɗin, sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi har mutane suka riƙa sayen naira da naira a wurin masu POS. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024. A 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, amma ma'aikaci ya je kasuwa ya tarar ƙarin bai saya masa abin da ya zata ba. Ɗalibin da ya fahimci ECO 102 zai iya zama ya bayyana wa mahaifinsa bambancin yawan kuɗin da ke aljihu da abin da kuɗin ke iya saya. Wannan shi ya sa akanta da lauya da ɗan jarida da jami'in mulki duk suke buƙatarsa. Wanda zai rubuta lissafin kamfani, ko ya kare shari'ar kwangila, ko ya kawo rahoton kasafin kuɗi, ko ya riƙe baitulmalin ƙaramar hukuma, ba zai yi aikinsa da kyau ba idan bai san yadda farashi da kuɗi ke tafiya ba.

Idan haka ne, me ya sa ɗalibai ke tuntuɓe a kansa? Dalili na farko shi ne raini. Wanda ya ci kiredit a tattalin arziki a WAEC ko NECO yakan ji makonnin farko kamar maimaici ne, sai ya daina zuwa aji. Kafin ya farga an wuce ma'anoni an shiga zane-zane da aljabara, inda hadda ba ta aiki. Dalili na biyu shi ne tsoron lissafi. Ba banza ba JAMB ta sa lissafi cikin darussan da mai neman karanta tattalin arziki zai rubuta, kuma ake neman kiredit a lissafi da Turanci. Yara da yawa sun gudo daga ajin kimiyya ne tun a sakandare don su rabu da lissafi, sai su tarar da shi yana jiransu a jami'a. Lissafin wannan mataki kuwa bai wuce warware ƙananan matsalolin aljabara, da kaso cikin ɗari, da karanta zane ba. Wanda ya ware masa awa ɗaya kullum zai iya shi. Dalili na uku ba laifin ɗalibi ba ne. Tunda sassa da yawa ke turo ɗalibansu, ajin yakan cika da ɗaruruwan mutane a babban ɗakin lakca, na baya ba ya jin malami, ba ya ganin allo, babu kuma damar ɗaga hannu a yi tambaya. Sai ɗalibi ya koma ga haddar tsofaffin tambayoyi, ya ci jarrabawa idan ya yi sa'a, ya fita bai ƙaru da komai ba.

Akwai wasu rukuni biyu da ya kamata su buɗe kunne. Na farko su ne masu shigowa kai tsaye aji biyu. Tsarin ya ɗauka cewa IJMB ko difloma ko NCE ɗin da suka yi ta riga ta ba su abin da ke cikin ECO 101 da 102, don haka malamin aji biyu ba zai koma baya dominsu ba. Wanda ya san tushensa bai yi ƙwari ba, ya nemi littafin aji ɗaya ya bi shi da kansa tun kafin a buɗe makaranta. Na biyu su ne waɗanda aka ba su kwas ɗin da ba shi suka nema ba, suke fatan canza sashe bayan shekara ɗaya zuwa akanta ko tattalin arziki ko kasuwanci. Sashen da za su koma zai duba sakamakonsu, zai kuma duba ko sun yi darussan da ake buƙata. Idan suna da damar zaɓar wannan darasi a aji ɗaya suka bar shi, suna iya rufe wa kansu ƙofa da hannunsu.

Yanzu ga hukumomin jami'o'inmu da malamanmu. Kashi 30 ɗin nan da aka bar muku dama ce, kuma muna roƙon a yi amfani da ita. Babu dalilin da zai sa yaron da ya taso a Funtuwa ko Gusau ya koyi dokar farashi da misalan kayan da bai taɓa gani ba, alhali auduga da gyaɗa da shanu da kantin Kwari suna gabansa. Rufe iyakokin ƙasa da aka yi daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, da abin da ya yi wa farashin shinkafa da cinikin Jibiya da Illela da Maigatari, ya isa a gina darasi guda a kansa game da ciniki tsakanin ƙasashe. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 ba tare da kuɗin ruwa ba, kuma Jami'ar Bayero tana da cibiya ta musamman kan harkar banki da hada-hadar kuɗi ta Musulunci. Ɗalibin aji ɗaya ya cancanci ya ji yadda zakka da waƙafi da mudaraba ke shiga wannan fage, a gefen abin da littattafan Turai suka kawo. Haka kuma a raba manyan azuzuwan nan zuwa ƙananan rukunoni na bita, ko da ɗaliban digiri na biyu ne za su jagorance su, a kuma bayyana wa sababbin ɗalibai a fili, tun makon farko, wane darasi ne na tilas, wane ne ke buɗe ƙofar wani.

Iyaye kuma, tambayar “ya karatu?” ba ta wadatar ba, domin amsarta kullum “lafiya lau” ce. Ku nemi ganin takardar rajista da ta sakamako a ƙarshen kowane zango. Ku tambayi ɗanku ko 'yarku yunit nawa aka ɗauka, nawa aka ci, akwai kari-oba ko babu. Ba sai kun yi boko mai zurfi ba kafin ku gane harafin F. Idan aka gano matsala a aji ɗaya, gyaranta na da sauƙi. Idan aka bari sai aji huɗu, sai dai a biya kuɗin ƙarin shekara.

Ku kuma ɗalibai, 'ya'yanmu da ƙannenmu, ku karanta littafin jagorar sashenku kafin ku sa hannu a fom. Ku je wurin kodineta da tambayoyinku, kada ku dogara da abin da na gaba da ku ya faɗa a ɗakin kwana, domin manhaja ta sauya, abin da ya yi a zamaninsa ba lallai ne ya zama naku ba. Ku halarci lakca tun makon farko, ku riƙe gwajin tsakiyar zango da muhimmanci tunda yana ɗauke da kashi 30 zuwa 40 na makinku, ku zana zanen nan da hannunku har ya zauna. Idan kun shiga kasuwa, ku tambayi kanku me ya sa kwanon wake ya hau ko ya sauka, ku gwada amsawa da abin da aka koya muku. Wanda ya riƙe ECO 101 da gaske ya tsare darajar digirinsa, ya tsare shekarunsa da kuɗin iyayensa, ya kuma samu ilimin da zai yi masa amfani a duk aikin da Allah ya ba shi.

Allah ya ba ɗalibanmu ilimi mai amfani, ya saka wa iyaye da malamai da alheri.